Yau mun ƙara wa katin hoto gudu

Jidda, Juma'a da dare.

Na cika alkawarin da na yi wa ƙanena tun makon jiya. Katin hoton kwamfutarmu, wato ɓangaren da ke zana hoton da ake gani a allo, GTX 1660 Super ne na kamfanin Nvidia, fitowar 2019, na hannu na saye shi a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Yaron ya hana ni sakat, wai wasansa na sarƙewa, abokansa sun ce a ƙara wa katin gudu. Na ce na yarda, amma linzami a hannuna zai zauna.

Da muka sauko daga masallaci ban buɗe wata manhaja ba, murfin akwatin na fara kwancewa. Ƙurar da ke tsakanin haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi ta dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa, damshin tekun nan ya manne ta. Na dafe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, na hure, na bi da burushi mai laushi. Wannan kaɗai ya sauko da zafin daga digiri 79 zuwa 71.

Sannan na buɗe MSI Afterburner, manhajar da ake saita gudun kati da ita, na kunna Heaven a gefe, manhajar gwaji ce mai nuna hotuna masu motsi ta ba kati maki. Na ɗaga iyakar wutar da katin zai sha zuwa inda kamfani ya yarda. Ma'aunin ƙarfin lantarki kuwa ban taɓa shi ba, kuma ba zan taɓa ba, nan ne ake gajarta wa kati kwana. Gudun ƙwaƙwalwar katin, wadda ke yin lissafin hoto, na riƙa ƙara masa megahaz 15, in jira minti goma ina zuba wa allo ido, in sake ƙarawa.

"Yaya, tura 200 gaba ɗaya mana, khalas! Na abokina ya ɗauka."

Na ce masa ko ƙira ɗaya ce, kowane kati da iyakarsa, kamar 'ya'yan ciki ɗaya. A ƙarin 150 sai ga ɗige-ɗige kore a jikin duwatsun Heaven, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, gwajin ya rufe kansa. Gabana ya faɗi, don ba ni da kuɗin wani. Yaron ya yi tsit. Na koma 120, komai ya daidaita.

Ma'adanar bayanan katin ce ta fi ba ni mamaki. Daga megahaz 7000 na riƙa ƙara ɗari-ɗari. A ƙarin 900 babu ɗigo ko ɗaya, amma makin gwajin ya ragu. Irin wannan ma'adanar, GDDR6, haka take: in ta gano kuskure sai ta sake aiko da bayanin, ido ba ya gani, gudu kuwa ya tafi. Da ban rubuta makin kowane zagaye a takarda ba, da na bar shi a nan ina murna. Na tsaya a ƙarin 700.

Bayan la'asar Umma ta leƙo ta kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ce kuɗin wuta ya yi yawa a watan nan. Na ce, "To, Umma," na bar shi a kashe da gangan, don a irin wannan ɗakin katin zai yi yawancin aikinsa. Cikin rabin awa zafi ya kai 80, na ga gudun na sauka da kansa kaɗan-kaɗan, don katunan Nvidia na ja da baya in sun doshi 83. Na gyara fanka ta riƙa tashi da wuri. Ƙara ta ƙaru, zafi ya tsaya a 74.

Wasan da ke ba da hoto 62 a daƙiƙa yanzu yana ba da 67. Ƙanena ya so fiye da haka, amma ya ce sarƙewar ta ragu. Ban sa saitin ya riƙa tashi tare da Windows ba tukuna. Gobe Asabar zan bar shi ya yi wasa awa biyu da rana tsaka, ina gefe da takardata.