Aikin Raba Wasannin Kwamfuta Rukuni-Rukuni

Duk wanda na gaya wa cewa sana'ata ita ce raba wasannin kwamfuta rukuni-rukuni da sanya musu laƙabi, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne muna wuni muna wasa ana biyan mu. Wasan kam muna yi, amma da littafin rubutu a gefe da agogo a gaba, domin abin da ake saya a hannunmu shi ne hukunci: a ina za a ajiye wannan wasa, kuma da waɗanne kalmomi mai nema zai same shi. Mu huɗu ne a kamfanin. Yawancin masu kawo mana aiki ƙananan masu ƙirƙirar wasanni ne, mutum biyu ko uku da suka shafe shekaru suna gina abu guda, sai kuma wasu masu sayar da wasanni ta intanet waɗanda kundinsu ya yi yawa har ya rikice musu.

Yawan wasannin ne ya haifi wannan sana'a. A Steam kaɗai, wato kasuwar sayar da wasanni ta intanet wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, an fitar da sababbin wasanni fiye da 14,000 a shekarar 2023, wato kusan 40 a kowace rana. Babu mai iya bin wannan ɗaya bayan ɗaya, saboda haka mai saye yakan rubuta abin da yake so ne, na'ura ta tace masa, kuma wasan da aka sanya wa laƙabin da bai dace da shi ba ya ɓace ke nan, ko da kuwa ya fi saura kyau.

Abin da nake fara koya wa sabon ma'aikaci shi ne bambancin rukuni da laƙabi. Rukuni ɗaya ne tak ga kowane wasa, kamar kantar da ake ɗora kaya a kai, amma laƙabi yana iya kai goma ko ashirin, kowanne yana faɗin wani gefe na wasan: daga ina ake kallo, mutum nawa ke yi tare, yanayinsa na ban tsoro ne ko na nishaɗi, zane ne na hannu ko mai kama da hoton gaske. Ƙa'idarmu wajen zaɓen rukuni ita ce mu duba abin da hannu da ƙwaƙwalwar ɗan wasa suka fi yi a mafi yawan lokaci. Nakan ba da misali da Portal, wanda ya fito a 2007. Wanda ya ga hotonsa zai rantse wasan harbi ne, domin ana kallo ta idon jarumar kuma tana riƙe da abu mai siffar bindiga, alhali kuwa wannan abin ƙofofi yake buɗewa a jikin bango, aikin ɗan wasa kuma shi ne ya tsaya ya yi tunanin yadda zai fita daga ɗaki. Don haka rukuninsa wasa ƙwaƙwalwa ne, kallo ta idon jaruma kuma ya tafi cikin laƙabi. Ma'aikacin da ya gane wannan misali ya gane rabin aikin.

Inda aikin ya fi wuya, kuma inda na fi jin daɗinsa, shi ne sunayen da suka samo asali daga wani wasa guda. Bayan fitowar Doom a 1993, an ɗauki shekaru ana kiran duk wasan harbi irinsa da mai kwaikwayon Doom kafin a samu suna na gama-gari. Wasu sunayen kuwa sun zauna daram. Metroidvania haɗi ne na sunayen wasannin Metroid da Castlevania, kuma yana nufin wasan da ke da taswira guda babba, wadda wasu sassanta suke rufe har sai ɗan wasa ya sami wata sabuwar baiwa ya dawo ya buɗe su. Rukunin da ake kira masu kama da Rogue kuma ya ɗauki sunansa daga wasan Rogue na 1980, inda ɗakuna suke sauya tsari a kowane zagaye, kuma idan jarumi ya mutu sai a koma farko. Gardama a kan wannan suna ta yi tsawo har wasu masu ƙirƙira suka zauna a birnin Balin na Jamus a 2008 suka rubuta siffofin da suke ganin su ne ma'auni, amma hakan bai kashe gardamar ba. Matsayina a nan ba ya sauyawa: ba ma sanya irin wannan laƙabi sai ginshiƙan da suka sa aka san shi suna cikin wasan, domin masu neman sa sun san abin da suke nema sarai, kuma ba sa yafe wa wanda ya yaudare su.

Duk da haka na yarda cewa kalmomin ba namu ba ne, na 'yan wasa ne. Lokacin da Steam ta ba masu saye damar sanya laƙabi da kansu a 2014, wasu sun riƙa manna wa wasanni irin su Dear Esther da Gone Home wani suna na ba'a da ke nufin kwaikwayon tafiya a ƙasa, wai don babu abin yi a cikinsu sai yawo da sauraren labari. A hankali masoya irin waɗannan wasanni suka karɓi sunan, ya zama da shi suke nemo abin da suke so. Shi ya sa muke karanta yadda 'yan wasa suke bayyana wasa da bakinsu kafin mu rufe jerinmu.

Matsin lamba yakan zo ne daga wanda ya ƙirƙiri wasan. A Steam ana bukatar aƙalla laƙabi 5 kafin a fitar da wasa, guda 20 na sama ne suke bayyana, kuma kusan kowane mai ƙirƙira yana so a cika gurbin da kalmomin da suke tashe. Nakan tuna musu cewa mai saye yana iya mayar da wasa ya karɓi kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai yi awa 2 yana buga shi ba, kuma kafin ya tafi yakan bar sharhi mara daɗi da zai daɗe a wurin. Mu ma mun taɓa faɗawa cikin wannan. Wani wasa na shuka da kiwo ya zo hannunmu, muka buga awa ɗaya, muka ga komai a natse, muka sanya masa laƙabin kwantar da hankali a sahun farko. Ashe daga tsakiya wasan yana ɗora wa ɗan wasa wa'adi mai tsanani, wanda ya kuskure kuma ya yi asarar duk abin da ya tara. Koke ya yi yawa, mai wasan ya kira ni ransa a ɓace, kuma yana da gaskiya. Tun daga ranar, ba ma fitar da hukunci sai mutum biyu sun buga wasan kowa shi kaɗai, ɗaya ya kai ƙarshe ko kusa da shi, sannan su haɗa takardunsu, inda suka saɓa kuma ni nake zama in buga wannan sashe da kaina.

Akwai abin da ba ma taɓawa, wato iyakar shekaru. Wannan hurumin hukumomi ne irin su ESRB ta Amurka da aka kafa a 1994, da PEGI ta Turai da ta fara aiki a 2003 da matakanta na shekara 3, 7, 12, 16 da 18. Abin da suka yanke shi muke kwafewa yadda yake, idan kuma wasa bai je gabansu ba sai mu bayyana abin da ke ciki, kamar zubar da jini ko sayen kaya a cikin wasa, mu bar gurbin shekarun babu komai.

Wasan kwamfuta ba ya zama yadda aka fitar da shi, domin masu shi suna ƙara masa sassa, wanda aka yi don mutum ɗaya ya wayi gari ana yin sa mutum huɗu. Saboda haka yarjejeniyarmu da kowane mai ba mu aiki ta ƙunshi komawa kan jerin bayan wata 6, mu sake buɗe wasan, mu cire laƙabin da ya daina faɗin gaskiya, mu ƙara wanda sabon sashe ya kawo.