Hunturun Samaru da kwamfutar da na ƙure wa gudu

Sana'ata haɗa bidiyon biki, a wani ɗan shago a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Kwamfutata tsohuwa ce, na saye ta a hannu, firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikinta, Intel i5-2500K ce wadda aka fitar tun 2011. Gudunta na asali gigahaz 3.3 ne, amma harafin K ɗin nan na nufin kamfanin ya bar ƙofa a buɗe, za ka iya shiga bayos, wato shafin saitin injin da ake shiga lokacin kunna shi, ka ƙara mata gudu. Wahalar jiran bidiyo ɗaya ya gama fita ce ta kai ni ga wannan harka.

A watan Janairu na fara, lokacin da hunturu ya kankama. Bayan sallar asuba nakan buɗe taga, in sa rigar sanyi da hula, in zauna hannu na karkarwa. Na kai ta 4.5 ba tare da ta yi gardama ba. Zafinta bai kusanci digiri 98 ba, inda irin wannan firosesa kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Yaron shagona ya ce, "Yaya, sanyin nan ba zai kashe ta ba kuwa?" Na ce masa sanyin Zariya bai kai ya kashe kwamfuta ba, kuma har yau ina kan bakana. Masu gasar gudu a ƙasashen waje ruwan naitirojin suke zuba wa firosesa, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Abin tsoro a sanyi shi ne raɓa, amma matuƙar injin na aiki, cikinsa ya fi iskar ɗakin ɗumi, ruwa ba ya samun wurin zama.

Kuskurena na farko kwaɗayi ne. Da na ga zafi bai tashi ba, sai na ƙara mata wuta har ta haura bolt 1.4, na tura ta 4.8. Sanyi ya rufa mini asiri wata biyu. Bazara na shigowa, a Afrilu, sai allo ya fara shuɗewa ana tsakiyar aiki. Sanyi yana rage zafi, amma ba ya hana wutar da ta yi yawa cin firosesa a hankali. Ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka ta yi kamar auduga, wadda ni da hannuna na buɗe mata taga.

Sai na sayi esi, na riƙa saita shi a 16. A nan na gamu da abin da ya fi ba ni tsoro.

Wani dare a watan Agusta, damina ta yi nisa, na gama aiki na kashe kwamfutar, na bar esi a kunne na tafi gida. Da safe na tarar an ɗauke wuta ba da jimawa ba. Ɗakin kamar firji. Na wangale ƙofa da taga, na tsaya hira da maƙwabcina, sannan na tayar da janareta na danna makunni. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Da na buɗe murfin, sai ga raɓa ta kwanta a kan ƙarfe, irin wadda ake gani a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Injin ya kwana a kashe ya yi sanyi ƙalau, iskar damina mai ɗauke da danshi ta shigo ta sauka a kansa. Gabana ya faɗi, domin bikin mutane uku ne a ciki.

Wani dattijon mai gyara a Sabon Gari ya dube ta ya ce, "Ɗana, ba sanyi ya yi maka wannan ba, gaggawa ce. Ka zare waya, ka bar ta kwana biyu ta bushe." Haka na yi. Ta tashi, alhamdulillahi, sai dai ramin ram guda ɗaya, inda ake soka katin ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, ya tafi ke nan.

Yanzu tana kan 4.4, da wutar da ba ta wuce 1.3 ba, kuma a tsakar ranar Afrilu na gwada wannan saitin, ba da asubar Janairu ba. Esi yana kan 24. Idan ɗakin ya kwana da sanyi, ba na buɗe ƙofa gaba ɗaya, kuma nakan jira awa guda kafin in kunna. Da hunturu taga a rufe take, duk sati biyu in fitar da injin waje in busa shi da bulowa, bayan na taɓa ƙarfen ƙofa don in sauke tartsatsin wutar da busasshiyar iska kan tara a jiki. Yaron shagon ne ma yake tuna mini ranar busawa.