Ɗakin ƙasa a birnin Fas

Tun ina ƙarami nake jin sunan Fas a bakin Baba. Duk yammacin Juma'a, idan an tashi daga zikiri ya dawo zaure, sai ya ce in Allah ya ja kwana zai je ya yi wa Shehu Ahmadu Tijjani sallama a makwancinsa. Ya sauke farali, ya sake komawa Makka, amma Fas ta ƙi yiwuwa har ya kai shekara 74, gwiwa ta fara hana shi zaman tahiya sai a kan kujera. Da hali ya samu na ce masa ya shirya. Bai ce mini komai ba. Da dare dai na ji shi yana tambayar Inna inda ta ajiye farar alkyabbarsa.

Ɗan Najeriya sai da biza yake shiga Maroko, kuma cikin takardun da ake nema akwai shaidar inda mutum zai sauka. Don haka tun ba mu sayi tikiti ba na duƙufa a kan waya ina duba masaukai. A nan na gane cewa Fas gari uku ne a jere. Akwai Fas al-Bali, tsohon birnin da ke cikin ganuwa. Akwai Fas Jadid da sarakunan Banu Marin suka kafa a 1276, inda fadar sarki take. Sai sabon garin da Faransawa suka gina bayan 1912, mai faffaɗan tituna da otal-otal masu na'urar hawa bene. Zawiyar Shehu tana can cikin tsohon birni, saboda haka ban ko kalli sabon gari ba. A cikin ganuwa kuwa masaukan yawanci tsofaffin gidaje ne da aka gyara. Mai lambu a tsakar gida su ce masa riyad, marar lambu su ce dar. Hotunansu na ɗauke hankali: bango da daɓe duk ƙananan tayil masu launi, maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ƙofofin katako da aka sassaƙa. Na zaɓi wanda ya fi cika mini ido, kusa da ƙofar Bab Bujlud, na biya kuɗin kwana biyar, raina fes, ina ganin na karrama mahaifina. Babu hoto ko ɗaya da ya nuna mini matakala, ni kuma ban tambaya ba.

Daga Kano muka bi ta Legas, muka sauka Kasabalanka a ƙarshen Fabrairu. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin saman. Muka canja jirgi a cikin gari, muka ɗauki hanyar Rabat da Miknas, tafiyar kusan awa huɗu. Baba ya lazimci taga. Gonakin alkama kore shar, itatuwan zaitun a jere a kan tuddai, ƙasa jiƙe da ruwa. Ya juyo ya ce, "Ikon Allah. Ashe lokacin da muke fama da hunturu su damina suke yi."

Jar tasi ta ɗauke mu daga tasha ta dire mu a bakin Bab Bujlud, direban ya ce nan mota ta ƙare. Ƙofar ba ta tsufa kamar birnin ba, a 1913 aka gina ta, shuɗiya ta waje, koriya ta ciki. Daga nan sai ƙafa. Wani mai kura ya ɗora jakunkunanmu ya yi gaba, muna biye, ga alfadarai ɗauke da tukwanen gas da buhuna, masu su na ta ihun "balak, balak", wato a kauce. Ana cewa lungunan birnin sun kai 9,000. Wanda ya san lungunan Kasuwar Kurmi zai ji ƙanshin gida, sai dai nan bangon ya fi tsawo, wani lungun ma rana ba ta leƙa shi.

Gidan bai yi ƙarya ba, kyansa ya kai yadda na gani. Amma ɗakinmu yana hawa na uku, matakalar kuma murɗaɗɗiya ce, matsattsiya, kowane taki ya kusa kai wa gwiwa. Sau uku Baba yana tsayawa ya dafa bango. Da muka kai sama ya zauna a bakin gado yana haki, ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso." Abin da ya faɗa ke nan. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Ga sanyi kuma, domin waɗannan gidajen an gina su ne don su kashe zafin bazara: rufi can sama, daɓen tayil, tsakar gida a buɗe. Da safe ruwan alwala kamar ƙanƙara.

Abu na biyu da taswirar waya ba ta nuna mini ba shi ne cewa tsohon birnin a cikin kwari yake. Bab Bujlud tana sama, masallacin Ƙarawiyyin da zawiya suna can ƙasa. Muka bi Tala'a Kabira, babbar hanyar da ke gangarawa, muka wuce makarantar Bu Inaniyya, da mahauta, da masu sayar da zuma da man zaitun. Tafiyar da matashi zai yi a minti 20 ta ci mana kusan awa guda.

Da muka shiga unguwar Balida, shaguna suka koma na carbi da turare da littattafan ɗariƙa, fuskoki kuma suka fara kama da namu. Sai ga hasumiyar zawiya mai koren tayil. Baba ya tsaya, ya gyara alkyabba, ya cire takalmi da kansa, ya ƙi in kama masa hannu. A Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya aka haifi Shehu a 1737, ya zo ya zauna a Fas a 1798, Sarki Maulaya Sulaiman ya karɓe shi hannu biyu, a nan kuma ya rasu a 1815. Baba ya san wannan duka tun kafin a haife ni, amma da lissafin Hijira, shekarar wafati 1230. Ya tsaya gaban kabarin ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Na ja baya na ba shi wuri.

A bakin ƙofa muka haɗu da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, Hausa a bakinsa tas. Zuwansa na huɗu ke nan. Da ya ji inda muka sauka sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, me ya kai ka ka ajiye tsoho a kan tudu? Gangarowa ai ba ita ce tafiyar ba, komawar ita ce." Haka kuwa aka yi. Hawan ya kwashe ƙarfin Baba kaf, ga matakala na jiransa. Da yamma ta yi bai iya fita ba, a ɗaki ya yi wazifa shi kaɗai, a garin Shehu, bayan jiran shekaru fiye da 50. A daren na yanke shawara.

Dattijon nan ne ya raka ni wani gida da safe, taku kaɗan daga zawiya. Dar ne na iyali, babu maɓuɓɓuga, babu ado sai ɗan tayil da ya koɗe. Amma akwai ɗaki a ƙasa, banɗaki a gefensa, ruwan zafi, barguna uku da na'urar ɗumama ɗaki. Kuɗinsa bai kai rabin na farko ba. Masu gidan farko sun yi mana mutunci, sun mayar mini da wani abu, sauran na bari ba tare da na ji ciwo ba. Maigidan nan na biyu "Sidi Alhaji" yake kiran Baba. Larabcinsu na kasuwa, wanda suke ce wa Darija, yana haɗiye wasulla har ka rasa kan magana, amma da Baba ya saki Larabcin zaure, na littattafan fiƙihu, sai mutumin ya gyara harshe suka fahimci juna. Kullum da safe uwargidan ta aiko da gurasa mai zafi da zaitun da shayin na'ana'a, da dare kuma harira, miyar tumatir da wake.

Duk wanda zai kai babba Fas, ina roƙonsa ya bar kallon hoto ya rubuta wa masu gidan tambaya kai tsaye. A hawa na nawa ɗakin yake, taki nawa ne? Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofar gidan minti nawa ne, hawa ne ko gangara? Mai nufin zawiya, dandalin Rasif da ke ƙasan birni ya fi masa Bab Bujlud, tasi na kaiwa har can. In lokacin sanyi ne a tambayi abin ɗumama ɗaki, in bazara ce kuwa a san cewa zafin Fas na iya haura digiri 40. Afrilu da Oktoba sun fi sauƙi ga jikin tsoho. Kuma kada a cika jadawali. Abu ɗaya a yini ya ishi mai shekaru.

Da muka koma ƙasa sai birnin ya buɗe mana. Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihriyya ta gina a 859, ya zama masallacin magaribarmu. Bayan sallama mutane suka yi da'ira suna karanta izu guda da murya ɗaya, kamar yadda suka saba safe da yamma. Baba ya kasa kunne, sai na ga leɓensa na motsi. Warshu ce, ƙira'ar da ya haddace a tsangaya. Wani ya miƙa masa Alƙur'ani, ya buɗe, ya nuna mini fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. "Duba nan," in ji shi, "rubutunmu ne na allo."

Majemar Shuwara ma a maƙwabtanmu take. Baba baduku ne, da fata ya ciyar da mu. Daga saman shagunan jakunkuna ake leƙa ramukan, kuma wannan ce matakala ɗaya tilo da ya ce lallai sai ya hau. Suka miƙa masa ganyen na'ana'a ya toshe hanci saboda wari, ya mayar musu. Ya daɗe yana kallon samari cikin ramukan farar ƙasa da kashin tattabara suna tattaka fata. Ya tambayi mai shagon da me suke jima, sannan Baba ya ba shi labarin bagaruwa da karan dafi, da yadda fatar jar akuyar Sakkwato ke ƙetare Sahara a kan raƙuma, Turawa su saya a matsayin fatar Maroko. Mai shagon ya saurara har ƙarshe, ya sa aka kawo shayi.

Ranar Juma'a galibin shaguna suka rufe, uwargida ta aiko da kuskus a faffaɗan akushi. Bayan la'asar Baba ya taka da ƙafarsa zuwa zawiya, ba tsayawa ko sau ɗaya. Wuri ya cika da mutanen Senegal da Mali da Nijar da Sudan da 'yan gari, aka ɗauki hailala har faɗuwar rana. Ina daga baya ina hango farar alkyabbarsa a sahu na biyu.

Mako biyu da dawowarmu wani amininsa ya zo yi masa barka da sauka, ya ce shi ma yana da niyya baɗi. Baba ya kira ni daga cikin gida. "Kawo takarda ka rubuta wa Malam kwatancen gidan nan," ya ce. "Daga Rasif zai shiga. Kuma ka rubuta masa da kyau, ɗakin ƙasa, na hannun dama."