Shekara biyu da injin CNC a garejin gida, ga yadda ta kaya min

Mutane suna yawan tambayata wai akwai riba a harkar injin CNC, wato injin da kwamfuta take sarrafawa yana yanka da sassaƙa katako, kuwa, to akwai, amma ba ta inda na zata ta fito ba.

Ƙarshen 2022 na sayi nawa, irin wanda ake cewa 1325, wato teburinsa milimita 1300 a faɗi 2500 a tsawo, daidai falle ɗaya na MDF, katakon nan da ake matsawa daga garin itace, mai ƙafa takwas da huɗu. Ƙirar Jinan ne ta China inda yawancinsu suke fitowa, sifindil ɗinsa, wato motar da take juya bakin yankan, kilowat 3 mai sanyaya kansa da ruwa. Zaka yi zanenka a kwamfuta da manhajar ArtCAM ko Aspire, ta mayar maka da shi G-code, wato umarnin da injin yake karantawa, ka sa a filash ka soka a rimot ɗin injin shi kuma ya bi layi yana yanka. Koyon wannan bai bani wuya ba sam. Lissafin kuɗi ne ya bani wuya.

Da farko duk hankalina yana kan sassaƙar 3D, ƙofa mai furanni da ganye da zanen dagi, saboda ita ce take ɗaukar ido a Facebook. Sai dai ƙofa ɗaya sai ta cinye wuni guda injin yana kai da komo da siririn bit, wato bakin yanka, mai kan ƙwallo, ga janareta tana shan mai, ga sifindil yana juyawa sau 18,000 a minti, kuma mai ƙofar idan ya zo sai ya kwatanta maka da farashin mai sassaƙar hannu ya ce ai inji ne ya yi ba kai ba. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, a Yuni aka saki naira, bit da kolet mai riƙe shi da duk wani sifeya suka bi dala, sannan a Afrilun 2024 wutar Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, ta koma naira 225 kowane yunit. Sai da na zauna da biro na raba kuɗin mai da wuta da bit da hakkin yaron da yake tayani a kan awannin da injin yake aiki, wallahi anan na gane wasu ayyukan da nake murna da su uwar kuɗi nake ci.

Ranar da bazan manta ba, wani kafinta ya kawo katakon maɗaci mai kauri na fuskar gado, awa biyar ana yi saura kaɗan aka ɗauke wuta. Ban yi homin ba kafin in fara, wato mayar da kan injin mafarinsa, ban rubuta inda na kafa sifili, wurin da injin yake fara awon aikin, ba, da na tada janareta na ci gaba sai bit ɗin ya sauka gefe da kamar milimita biyu ya ratsa tsakiyar furen ya bar kwari. Ni na biya katakon. Tun ranar sai na yi homin kafin kowane aiki, lambobin X da Y da Z ina rubutasu a kan salatif in manna jikin teburin, dogon aiki kuma a kan janareta nake farawa ko da akwai wuta.

Ribar ashe tana wajen masu sana'a. Kafintoci masu haɗa kicin da wadirob da kayan ɗakin amare su suke sayo fallensu daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano su kawo, ni yanka kawai da tsaga layin ado a murafen, zane ɗaya da na riga na ajiye sai in maimaita shi sau talatin, falle yana sauka wani yana hawa, babu jarina a ciki babu ja-in-ja. Sai masu allunan shago da suke kawo akirilik a yanka musu haruffa. Waɗannan biyun su suke riƙe da garejin, musamman bayan sallah da ƙarshen shekara lokacin bukukuwa. 3D ina yi har yanzu amma da awa nake caji kuma sai an bada rabi kafin alƙalami.

Zama a gida ya rage min kuɗin haya, gaskiya ne, amma ƙurar MDF ba wasa bace, akwai gam a cikinta, tana shiga har ɗakin yara, dole na sayi injin zuƙar ƙura na toshe tagar da take kallon tsakar gida, takunkumi kuma baya barin fuskata. Ƙara ma haka, ana kiran magariba nake kashewa saboda maƙwabta. Lokacin hunturu kullum sai na goge dogon da kan injin yake bi na sa giris, in ba haka ba layi ya fara karkacewa.

Masu tambaya a kan ƙaramin injin CNC 3018 na kan tebur, ya isa koyo da rubuta suna a kan katako, amma bazai ciyar da gida ba. Mai son yanka ƙarfe kuma irin injina ba nasa bane, alminiyam kawai yake taɓawa shima a hankali.

Da zan sake daga farko, sai na zagaya na samu kafintoci biyar da suka ce zasu dinga kawo min aiki kafin in tura ko sisi China. Yanzu haka guda bakwai nake da su, gobe da safe ɗaya zai kawo falle goma sha biyu na murafen kicin.