Naitirojin ɗin da aka rufe da wuri

Girafait, baƙin abin nan na cikin fensir, nake son yi. Garin katako na kwaso daga Oko-Baba a Ebute Metta, Legas, na jiƙa shi da ruwan ferik naitiret, wani gishirin ƙarfe, na busar, na ɗura a tanderun bututu, gas ɗin naitirojin daga silinda na bi ta kansa don kada iska ta shiga. Duk wanda ke harkar nan ya san amfanin ƙarfen. Girafait na masana'anta sai zafi ya kai digiri 2500 zuwa 3000, amma da ƙarfe, ko nikel ko kobal, a digiri 900 zuwa 1000 ma ana samu. Ƙwayoyin ƙarfen ne ke shanye gawayin da katakon ya zama su sake fitar da shi a jere, shimfiɗa kan shimfiɗa, in asid ya cinye su kuma gurbinsu ya zama ƙofofi.

Har nan lafiya lau. Zafi ya kai 900, ya zauna iya yadda nake so, na kashe tanderu, na kama hanyar Agege kafin cunkoso ya rufe ni. Yaron da ke taya ni ya ga tanderu a kashe, ya ga allurar silinda na sauka, sai ya rufe gas. Washegari har da murnarsa: "Malam, na rage mana asara."

Abin da na tarar a cikin kaskon jan gari ne, ɗan mitsitsi. Tsatsa zalla. Bututun na da zafi sosai lokacin da iska ta kutso, ƙarfen da ke gina girafait kuma shi ne ke saurin cinna wa gawayi wuta da zarar ya samu iskar oksijin. Gawayin ya tafi hayaƙi, ya bar min ƙarfena. Ga kuɗin gas, ga man janareto, ga layin da za ka bi kafin tanderu ya sake zagayowa kanka.

Ban yi masa faɗa ba, gas a Legas ba arha ba ne, tattali ya yi niyya. Amma yanzu lissafin silinda da awannin hucewa nake fara yi, don tanderu ya fi daɗewa yana hucewa a kan ɗaukar zafi. Ba a taɓa famfon nan sai zafi ya sauko ƙasa da digiri 100, na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a jikin silindar.

Gwaji na gaba ya fito baƙi ƙirin. XRD, na'urar da ke duba tsarin gari da hasken X-ray, ta nuna tsini a wajen kusurwar digiri 26, na girafait ke nan. Wanki da asid na haidirokulorik bai kwashe ƙarfen duka ba, wasu ƙwayoyin girafait ya lulluɓe su, maganaɗisu na jan garin har yanzu. Wannan da sauƙi, ana iya sake wanki da ɗumi.

In wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki ma haka ne, tanderu ya mutu amma bututu na nan da zafinsa. Wanda zai kwana a ɗakin gwaji sai na kai shi gaban silindar ya karanta min takardar da bakinsa kafin in tafi.