Saƙon godiya kan littafin walimar sauka

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗaliban Islamiyyar unguwarmu a nan Birnin Kebbi lafiya, kuma ɗan littafin jadawalin taro da aka ba shagonmu bugawa ya isa hannun baƙi kafin a buɗe da addu'a. Ƙiris ya rage a yi taron babu shi. Akwai mutanen da in ban gode musu a bainar jama'a ba, ban yi adalci ba.

Mun gama tsara littafin a manhajar zane ta CorelDRAW ranar Alhamis da yamma, muka tura wa firinta, ana tsakiyar bugawa wuta ta ɗauke. Da aka tayar da janareto sai firinta ta yi gum. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar sai ya ƙara danna bugawa, ayyuka suka yi ta taruwa a layin jira, na goge ba ya goguwa, na baya ba ya wucewa.

Godiyata ta farko ga Malam mai gyaran kwamfuta na Rafin Atiku, wanda ya hau babur ya zo bayan isha'i. Ina ta roƙonsa ya kwance firintar, ya ce, "Alhaji, bari mu fara sanin wane ne mara lafiyar." Ya sa firintar ta fitar da shafin gwaji daga maɓallan jikinta, shafin ya fito tas, ya ce to ita kam a ƙyale ta. Ya koma kan Windows, ya buɗe services.msc, ya tsayar da Print Spooler, wato mai kula da layin jiran bugawa, ya shiga C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ya share fayilolin da suka maƙale a ciki, masu ƙarewa da SPL da SHD, sannan ya sake kunna shi. Aikin da wuta ta katse ne ya tare hanya. Ya buga wata wasiƙa daga Word, ta fito. Ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah shi saka masa da alheri.

Sai dai littafin namu bai fito ba har a lokacin. Kowane fayil yana buguwa ban da shi. Nan na kira maigidana da ya koya mini wannan sana'a, yana Jega, na tashe shi daga barci. Ya ce, "Raba shi biyu, ka buga rabin farko. In ya fita, cutar tana ɗaya rabin. Shi ma ka raba shi." A haka muka yi ta matsawa har muka tsaya kan shafin hoton ɗalibai. Hoton an yi ta tura shi daga waya zuwa waya kafin ya iso mana, ga inuwa an sa masa, ga wani ado mai shara-shara a kansa. Maigida ya ce a cire shi, a nemo na asali, a haɗe shi da adon su zama hoto guda a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), launin kuma a mayar da shi CMYK tunda na takarda ne, RGB na fuskar kwamfuta ne. Mai hoton makarantar ya kawo na asali a filashi tun kafin gari ya waye. Shafin ya wuce kamar ba shi ne ya hana mu barci ba. Maigida, Allah shi ƙara girma, shi ja da kwana.

Matsala ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, don da ta wuce da sai a wajen taro za a gani. Bangon littafin da takardun shaida a wani babban gidan ɗab'i muka kai. Kwamfutarsu ba ta da samfurin haruffan da muka yi amfani da shi, sai ta musanya da wani wanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Duk inda suna irin Ɗalhatu ko Sadiƙu yake, ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin. Yarinyar da ke yi mana taifin ce ta gano a takardar gwaji, ta ce kada a ci gaba. Muka ajiye kwafi guda don gyara, domin rubutu in ya zama zane ba ya gyaruwa, muka zaɓi sauran muka danna Ctrl+Q don mayar da rubutun zane, muka fitar da PDF. Yaron da ya yi shekaru yana tilawa, a miƙa masa shaida da akwati a tsakiyar sunansa? Allah shi yi miki albarka, ƙanwata.

Na gode wa Malam shugaban makaranta, wanda ya zauna ya bi ayoyin da ke cikin littafin wasali bayan wasali, bai kuma ɗaga mana murya ba ko sau ɗaya. Na gode wa maƙwabcina tela da ya ara mana fetur, da samarin da suka kwana suna ninkewa suna sa fil. Waɗanda suka kawo fotokwafi ranar Juma'a muka ce su dawo, ku gafarce mu.

Iyayen da ba su samu littafin a wajen taro ba, akwai ragowa a hannun Malam shugaban makaranta, sai a tuntuɓe shi bayan la'asar.