Kwali a ƙarƙashin mota

Jiya bayan la'asar na tarar da ɗan ƙanwata a ƙofar gida, nan Karantina a Jidda, ya ɗage bonet ɗin Camry yana ɗura baƙin mai. A but ga galan biyu, ga ƙaramar kwalbar maganin yoyo da ya gani a TikTok. Wai Madina za shi da fasinja, tafiyar sama da kilomita 400. Na nuna masa ƙasa, inda mai ya yi tabo kamar faifai. Ya ce, "Kawu, ai ɗan ɗigo ne, ina ƙarawa." Ko ɗago kai bai yi daga waya ba.

Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Cressida ce gare ni lokacin, fara, ina jigila tsakanin Jidda da Makka. Ta fara ɗiga ana saura kwanaki azumi. Duk direba ya san azumi shi ne kakarmu, masu umra ko'ina, wuni ɗaya a warsha, wato garejin gyara, asarar kuɗin cefanen mako ne. Ga mai ɗakina ta haihu, ga haya. To wa zai ajiye mota? Har yau in na tuna sai in ga ban yi wauta ba. Sai kuma in tuna sauran.

Na dai kai ta Sina'iyya, unguwar bakanikai, sau ɗaya. Bakaniken ya leƙa ƙasa, ya ga mai a mahaɗar inji da giya, ya ce sil ɗin baya ne, robar da ke tare mai a wurin, sai an sauke giya. Na ƙi, kuma gaskiyata ce, don bai wanke injin ba balle ya duba sama. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, saboda haka inda ya taru ba lallai nan ne ya fito ba. Da na goge da tsumma a gida, sai ga shi daga gaskit ɗin murfin saman inji yake tsatsowa, robar da zafin ƙasar nan ya busar har ta yi tauri. Abin riyal kaɗan.

Da na sayi robar, da an wuce wurin. Sai na ɗauki sifana na dinga ɗaure notunan murfin kamar na taya, har ɗaya ya karye. Na cire murfin, na lafta gam ɗin silikon kamar mai yaɓen ɗaki, na mayar. Na koma zuba mai mai kauri, 20W-50, wai ya rage gudu. Yoyon ya ragu kuwa, na yi ta yi wa abokai burga a tasha. Ban san rarar gam ɗin da ta matsu ciki tana ɓantarewa tana bin mai zuwa kaskon ƙasa ba, inda rariyar famfon mai take. Garin neman gira aka rasa ido.

Daren 27 ga azumi, fasinja cike, fitilar nan mai kama da buta ta kawo ja. Na ce ai da safe na duba geji, sandar auna mai, mai na nan, bari in kai gidan mai na gaba. Fitilar ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin harbawarsa take aunawa. Rariya ta toshe, mai na kwance a kasko, ƙarafa na cin juna a bushe. Sai ƙara, kwas-kwas-kwas, sai tsit. Wata tsohuwa da ta tara kuɗin umra shekara da shekaru ta sauka a bakin titi, ba ta ce mini komai ba sai "Allah ya kyauta, ɗana." Kuɗin gyaran inji na gama biya da daɗewa, wannan kalma ce ban gama ba.

Na so in jera muku shawarwari goma, ku yaran yanzu, amma wa zai karanta? Bidiyon minti ɗaya ma sai kun tsallake rabi.

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana. Baƙi ko ruwan ƙasa, man inji ne. Ja, galibi man giya. Ruwa garau, na AC ne, ƙyale shi. Wanke injin, bari ya bushe, tayar da shi, ka bi da tocila daga sama, ka nemi wuri mafi tsayi da ya jiƙe. Fara da masu araha: filta, musamman in tsohuwar robarta ta manne aka ɗaura sabuwa a kai, washar noton zubar da mai, suwic ɗin fitilar mai, gaskit ɗin murfi. In yoyo ya ɓarke wuri da yawa, a duba bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa cikin inji. In ya toshe, iska ce ke taruwa ta tura mai waje. Tsakanin layin ƙasa da na sama a geji kusan lita 1 ce kawai, ba rijiya ba ce.

Kada ka yarda da bakaniken da bai wanke inji ba. Kai ma kada ka taɓa sifana, kai wa bakanike. Na san maganar ta ci karo, haka abin yake. Jar buta kuwa in ta kawo, ka kashe mota a inda kake, ko da Sarki ka ɗauko. Kwalbar TikTok ɗin kumbura roba kawai take yi, ba ta ɗinke wadda ta tsage, ko da yake in dare ya yi maka a hanya... a'a, zubar da ita.

Duk na faɗa wa yaron. Ya ce, "To, Kawu, in na dawo." Bayan isha na lallaɓa na tura kwalin ruwa ƙarƙashin motarsa. Da na fito sallar asuba ya riga ya tafi. Kwalin na nan, taya ta bi ta gefensa, tabon baƙi ƙirin, ya fi tafin hannuna biyu, bai ma bushe ba.